Takardar Tashi

Mai gida ya ba mu wata uku.
Ɗansa zai yi aure, in ji shi,
ba don haka ba, wa zai tashi mutumin kirki?
Na naɗe takardar na cusa a aljihu,
ta wuni tana cin cinyata kamar garwashi.

Asabar ta farko, ni da Tanimu dillali a kan babur.
Malali: itatuwa sun haɗa kai bisa kwalta,
shiru har kana jin faɗuwar ganye.
Ya faɗi kuɗin shekara,
na yi dariya, ya taya ni,
muka juya.

Rigasa ta tarbe mu da kukan jirgi.
Ɗaki uku, rijiya a tsakar gida,
farashi mai kunyar ido.
Sai na ƙirga hanyar wurin aiki a yatsu,
keke, bas, wani keken,
na ga albashina yana zuba a titi
kamar gero daga hujajjen buhu.

A Rafin Guza fenti bai gama bushewa ba.
Saratu ta sa farce ta kankare bango,
ga zanen ruwan bara daidai ƙugunta.
Ta ce, wannan gidan kogi ne,
aro ya ba su,
zai dawo karɓar abinsa a watan Agusta.

Da dare, a bakin kwanon tuwo, kowa da unguwarsa.
Huzaifa yana son fili mai raga biyu.
Zinatu ba ta yarda a raba ta da malamar lissafi ba.
Saratu famfo take so,
wanda ke kawo ruwa, ba tari ba.
Inna tana murza gwiwa da man zafi,
ba ta ɗago ba ta ce:
ku dai duba wa zai fito
in an yi sallama da tsakar dare.

Sai ga wayar Bulus.
Tare muka tashi a Kakuri,
lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin ubanninmu tare,
tare su dawo da auduga a gashi.
Ya ce, akwai gida a layinmu a Narayi,
ka tsallako mana.
Da yamma na tsaya a kan gada.
Kogin Kaduna yana wucewa abinsa, ja-ja-wur,
bai taɓa tambayar kowa sunansa ba.
Mu ne muka mai da shi katanga.
Na ce masa, zan yi shawara.
Ya ce, na gane.
Ganewar nan tasa ta fi kuɗin haya nauyi.

Saura kwana goma sha ɗaya
muka shiga wani lungu a Badarawa.
Ƙofa na kuka, siminti ya tsage a zaure,
tagar kicin tana kallon bayan gidan wani.
Har na juya zan tafi.
Inna kuwa ta gaji, ta zauna a dakalin maƙwabta
ƙarƙashin gwaiba.
Wata dattijuwa ta leƙo,
ta koma, ta fito da ruwan randa a kwanon sha,
ba ta tambayi daga ina ba,
sai ta ce, gwiwar ce? Ni ma ita ce.

Inna ta shanye, ta goge baki da gefen mayafi,
ta dube ni ta ce, nan.

Babu raga biyu, famfon ma sai Talata da Juma'a.
Na biya, hannuna na rawa.
A hanya na kira Bulus:
akori-kurarka tana nan?
Lahadi, in kun taso daga coci.
Ya ce, katifa nawa?
Na ce, huɗu, da keken ɗinkin Saratu.
Ya ce, to ka gaya wa Inna,
ba na ɗaukar kaya sai da dambunta.